Na'ura ta zo hannu, saura gona: yadda ake neman izinin mai fili a Ingila

Tambaya: Wani ɗan'uwa da ke aikin jinya a gabashin Ingila ya rubuto cewa ya sayi na'urar gano ƙarfe a ƙasa, ya gama caje bayan gidan da yake haya bai samu komai ba sai ƙusoshi da murafen kwalba. Gonaki ne kewaye da garinsu, ya tura wa manoma saƙon imel da dama, shiru kake ji. Wani abokinsa kuma ya ce masa hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonaki na kowa ne, ya shiga kawai. Yana so ya san yadda ake neman izini, da kuma wanda ke da abin da aka tono.

Amsa: Malam, barka da shigowa wannan harka, Allah ya ba da sa'a. Bari in fara da abokin naka, domin shawararsa tana iya kai ka ofishin 'yan sanda. A Ingila babu taƙin ƙasa ko ɗaya da ba shi da mai shi. Hanyar ƙafa da ta ratsa gona dama ce ta wucewa kawai, ƙasar da ke ƙarƙashin takalminka ta manomin ce. Filin shaƙatawa na cikin gari na ƙaramar hukuma ne, kuma da yawansu sun hana tono. Ƙungiyar National Trust, mai kula da gidajen tarihi da filaye masu yawa a ƙasar, ba ta barin masu sha'awa irinmu su yi bincike a filayenta. Bakin kogin Thames a Landan sai da takardar izini daga hukumar tashar ruwan birnin. Hatta bayan gidan da kake haya na mai gidan ne, shi ma ya kamata a ce ka tambaye shi. Shiga fili ba izini laifin ƙetare iyaka ne, wannan da sauƙi. Amma da zarar ka tono kwabo ɗaya ka sa a aljihu, magana ta zama ta sata, domin a dokarsu abin da ke binne a ƙasa na mai ƙasar ne.

To wane ne mai ƙasar? Nan ne sababbi suka fi yin tuntuɓe. Mutumin da ka gani a kan tarakta ba lallai ba ne shi ne mai gonar. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar noma a Ingila haya ake yi, daga hannun manyan masu filaye na gado, ko coci, ko jami'o'i, ko hukumar gunduma. Kamar dai a gida ne: wanda aka ba aron gona amfanin da ya shuka nasa ne, amma ba shi da ikon ya sayar maka da ɗorawar da ke tsakiyarta. Saboda haka izini biyu kake nema, na mai noma wurin domin shi za ka taka wa shuka, da na mai ƙasar domin shi ke da abin da ke cikinta. Tambayar ba ta da wuya, kuma manomi ba zai ji haushinta ba: gonar taka ce ko haya kake yi? In kana so ka tabbatar da kanka, ofishin rajistar filaye na gwamnati yana sayar da bayanin mallaka ta intanet, kuɗin bai kai fam 10 ba.

Labarai biyu sun isa su nuna maka nauyin wannan. A watan Nuwamban 1992, a ƙauyen Hoxne da ke gundumar Suffolk, wani manomi ɗan haya mai suna Peter Whatling ya ɓatar da gudumarsa a gona, ya roƙi abokinsa Eric Lawes ya zo da na'ura ya nemo masa. Maimakon guduma sai Lawes ya ci karo da cokulan azurfa da tsabar kuɗin Rumawa. Bai ci gaba da haƙa ba. Suka sanar da 'yan sanda da hukumar gundumar Suffolk, wadda ita ce ainihin mai filin, washegari masana suka zo suka kwashe kayan a tsanake, tsabar kuɗi kusan 15,000 da kayan ado na zinare. An biya tukuicin fam miliyan 1 da dubu 750, Lawes ya raba da abokinsa. Gudumar ma an gano ta daga baya, tana Gidan Tarihi na Birtaniya tare da sauran kayan.

Na biyun ya faru a 2015 kusa da Leominster a gundumar Herefordshire. George Powell da Layton Davies sun tono dukiya ta zamanin Sarki Alfred na ƙarni na tara, zinare da azurfa da tsabar kuɗi da aka ƙiyasta sun kai 300. Ba su nemi izinin ainihin mai filin ba, kuma maimakon su kai rahoto sai suka shiga sayarwa a ɓoye. Hotunan dukiyar da suka goge daga waya 'yan sanda suka dawo da su. A 2019 kotu ta ɗaure Powell shekara 10, Davies shekara 8 da rabi, ko da yake an rage musu a ɗaukaka ƙara. Abin takaicin shi ne da sun bi hanya, da rabin kuɗin ya zama nasu halak malak. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Yanzu batun saƙonninka da ba a amsa ba. Kada ka ɗauka raini ne. Manomi a nan yana samun irin wannan saƙo a kai a kai, musamman a yankinku na gabas, domin gundumar Norfolk da maƙwabtanta suna cikin wuraren da aka fi samun kayan tarihi a ƙasar. Share saƙo ba ya cin masa komai, amma mutumin da ya zo ya tsaya a gabansa cikin ladabi dole ya ba shi amsa. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Kafin ka je, ka san abin da ke cikin ran mutumin da za ka tarar, domin nan ne gaba ɗaya maganar take. Kai kana tunanin zinare, shi kuwa zinare ba ya gabansa ko kaɗan. Ya san mafi yawan abin da ke fitowa daga gona maɓallai ne da dalma da guntayen garma. Abin da yake tunani shi ne me zuwanka zai jawo masa. Yana tunanin rami da aka bari a buɗe a makiyaya, doki ko saniya ta zurma ƙafa ta karye. Yana tunanin ƙofar shinge da aka bari ba a rufe ba, tumaki su fita kan titi. Yana tunanin cuta: a 2001 ciwon ƙafa da baki ya sa an hallaka dabbobi fiye da miliyan 6 a Birtaniya, kuma manoman da suka ga hayaƙin ƙona gawarwakin har yau ba sa son takalmin da ya taka wata gona ya tako tasu. Yana tunanin ɓarayi, domin satar babura masu ƙafa huɗu da man dizal da na'urorin tarakta ta addabi karkara, kuma ɓarawo yakan fara zuwa da rana da wani uzuri ya ƙare wa wurin kallo. Sannan akwai masu zuwa da na'ura cikin dare ba izini, su bar gona duk ramuka. In an taɓa yi masa haka, kai ne za ka biya bashin da ba ka ci ba. Na ƙarshe kuma yana tsoron ka faɗi ka ji ciwo a gonarsa ka kai shi ƙara.

Duk maganar da za ka yi a bakin ƙofa, amsar waɗannan tsoro ce. Shi ya sa nake ba ka shawara kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa ka yi rajista da ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa, wato NCMD. Kuɗin shekara bai taka kara ya karya ba, kuma katinsu yana zuwa da inshorar ɓarnar da za ka iya jawo wa wani, har ta fam miliyan 10. Wannan kati ya fi duk wani daɗin baki aiki.

Ba zan ɓoye maka ba, baƙar fata a ƙofar gidan gona a karkarar Ingila abu ne da ba a saba gani ba, kuma za ka iya haɗuwa da wanda fuskarsa za ta sauya tun kafin ka buɗe baki. Wannan ka yi masa sallama ka wuce, ba ka yi asarar komai ba. Amma mafi yawansu abin da suke son sani shi ne kai wane ne, ina kake zaune, wa ya san ka. A nan kana da jari babba: aikin asibiti. Faɗe shi tun a jimla ta biyu. Mutumin da ke jinyar marasa lafiyan garin ba baƙo ba ne, kuma da wuya a rasa wani nasa da ya taɓa kwanciya a wurinku. Ka kuma tambayi abokan aikinka, za ka yi mamakin yawan masu kawu ko suruki manomi. Izinin da ya zo ta hannun wani ya fi saurin samuwa, ya kuma fi daɗewa.

Lokacin zuwa ma abin lura ne. Kada ka je a tsakiyar girbi, wato daga Yuli zuwa Agusta, lokacin da mutum yake tsere da ruwan sama yana kwana a kan injin girbi. Kada ka je wa mai tumaki lokacin haihuwarsu, daga Fabrairu zuwa Afrilu. Kada ka je da magariba ko lokacin cin abinci. Sai dai kuma lokacin da gonar hatsi ta fi dacewa da bincike gajere ne, daga sa'ad da aka girbe alkama aka bar tushiya zuwa sa'ad da aka sake shuka a Satumba ko Oktoba. Ke nan izinin kaka tun bazara ake neman sa, wajen Mayu ko Yuni. Ka je kai kaɗai, da kaya masu tsabta na yau da kullum, ba rigar sojan gona mai dabbare-dabbare da wasu ke sawa ba. Na'ura da shebur su zauna a mota. Ka ajiye motar inda ba za ta tare wa tarakta hanya ba, kuma in ba kowa a gida kada ka shiga zagaya rumbuna kana leƙe-leƙe.

Maganar kanta kada ta wuce minti biyu. Ga ma'anar abin da za ka faɗa da Turancinka: “Barka da rana, ka gafarce ni na katse maka aiki. Sunana wane, ina aiki a asibitin gari, ina zaune a unguwa kaza. Ina sha'awar tarihin wannan yanki, ina kuma da na'urar gano ƙarfe. Ko za ka bar ni in gwada fili ɗaya, na yini ɗaya, wanda kai ka zaɓa? Ina da inshora, ga katin. Ni kaɗai zan zo, zan mayar da kowane rami, kuma duk abin da na samu kai za ka fara gani.” Sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Lura da cewa ba ka ambaci dukiya ba, kuma ba ka nemi gonar gaba ɗaya ba. Fili ɗaya na yini ɗaya abu ne da mutum zai iya cewa to ba tare da ya ji ya ɗaure kansa ba. In kana da kwafin tsohuwar taswirar yankin da ta nuna gonarsa shekara ɗari da wani abu da suka wuce, miƙa masa. Na ga manoman da suka zo da niyyar sallamar mutum a tsaye suka ɓige da nuna inda tsohuwar rijiya take da inda kakansu ya rushe shinge. Ka kuma ce masa in ya taɓa ɓatar da makulli ko ƙarfen tarakta, ko yana neman inda bututun ruwa ya bi, kana nan.

In ya amince, kada murna ta sa ka tsallake abin da ya fi kowanne muhimmanci: a rubuta yadda za a raba tun ba a samu komai ba. Mutane suna jin nauyin fito da takarda, suna ganin kamar rashin yarda ne. Ni kuwa ina ganin lokacin da babu ko kwabo a tsakani shi ne kaɗai lokacin da mutum biyu za su yi wannan magana cikin raha. Shafi ɗaya ya isa: sunanku, filayen da aka yarda, ko kai kaɗai ne ko da wani, yadda za a raba, da sa hannu. Ƙungiyar NCMD da na ambata tana da samfurinsa.

Ga abin da doka ta tanada, domin ka iya yi masa bayani. Dokar dukiyar da aka tono ta 1996, wadda ta fara aiki a 1997, ta ware wasu kaya ta ce na masarautar Birtaniya ne: abin da ba tsabar kuɗi ba wanda ya kai shekara 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 nasa zinare ne ko azurfa, tsabar zinare ko azurfa biyu ko fiye daga wuri ɗaya masu wannan shekaru, tsabar tagulla goma ko fiye, da tarin kayan ƙarfe na kafin a fara rubuta tarihi. A 2023 an ƙara wani rukuni, abin ƙarfe da ya haura shekara 200 wanda yake da muhimmanci na musamman ga tarihi, ko da ba zinare ba ne. Irin waɗannan dole ka kai rahotonsu cikin kwana 14 ga jami'in shari'a mai binciken musabbabin mutuwa na yankin, domin a tsarinsu shi ne kuma mai yanke hukunci kan dukiyar ƙasa. A aikace, jami'in rajistar kayan tarihi na gundumarku za ka kira, shi zai shige maka gaba. Rashin kai rahoto yana iya jawo ɗaurin wata uku ko tara. In wani gidan tarihi yana son kayan, kwamiti ya yi musu kuɗi, a biya, kuma bisa al'ada rabi na wanda ya gano, rabi na mai fili. Wanda ya shiga ba izini ana iya rage masa ko a hana shi gaba ɗaya.

Duk abin da bai shiga wannan rukuni ba, kuma shi ne kusan duk abin da za ka samu, na mai fili ne sai abin da ya bar maka. Tsabar zinare guda ɗaya tak, misali, yawanci ba ta shiga dokar, amma tana iya yin dubban fam. A kan irinta ne ake rigima. Shi ya sa ake rubuta cewa abin da bai kai kuɗi kaza ba naka ne bayan ya gani, abin da ya haura a raba biyu. Ku biyu za ku yanke adadin. Ko takarda ma ba ta hana zuciya ɓaci, balle babu ita. A Yulin 2009 Terry Herbert ya gano dukiyar Staffordshire a gonar Fred Johnson, zinare kusan kilo 5, aka yi mata kuɗi fam miliyan 3 da dubu 285 suka raba daidai, amma bayan ɗan lokaci jaridu suka ruwaito sun ɓata har manomin ya hana shi sake taka gonar. In Allah ya ba ka irin wannan rabo, sai ka tuntuɓi malamai kan hukuncin rikazi da humusinsa, wannan fagensu ne.

Akwai wuraren da ko mai fili ya ce to, izininsa bai isa ba. Ingila tana da wuraren tarihi kusan 20,000 da dokar 1979 ta kare, kuma kunna na'ura a kansu ba tare da rubutaccen izinin hukumar Historic England ba laifi ne. Sau da yawa ba abin da ido zai gani, ɗan tudu ne kawai a tsakiyar makiyaya. Akwai filayen da aka keɓe saboda tsirrai da namun daji, akwai kuma gonakin da ke cikin shirin tallafin gwamnati na kula da muhalli, inda tono a wasu sassa zai iya sa manomi ya rasa kuɗinsa. Taswirar gwamnati da ake kira MAGIC kyauta ce a intanet, tana nuna duk waɗannan. Duba ta kafin ka je, domin nauyin sani a kanka yake. Wani manomin zai ce maka ba ya son a kai rahoton komai, kada hukuma ta zo ta ƙwace masa gona. Ka kwantar masa da hankali: tsabar da aka tsinta a ƙasar da garma ta riga ta juya ba ta sa a hana mutum noma, kuma shafin intanet na rajistar kayan tarihi ba ya nuna wa jama'a ainihin wurin sai faɗin kilomita guda. Amma ka gaya masa a fili cewa abin da doka ta ce a kai rahoto, za ka kai. In ya ce sai dai a ɓoye, bar masa gonarsa.

Ranar farko ita ce jarrabawa, kuma ka ɗauka yana kallonka ko ba ka gan shi ba. Tura masa saƙo kafin ka iso. Ƙofar da ka tarar a rufe ka rufe, wadda ka tarar a buɗe ka bar ta haka. A makiyaya, yanka ciyawa ta gefe uku ka ɗaga ta kamar murfi ba tare da ka tsinke na huɗun ba, zuba ƙasar da ka tono a kan tsumma, ka ciro abinka, ka mayar da ƙasar, ka rufe, ka taka da dunduniya har sai kai kanka ka kasa gane wurin. Lokacin fari kada ka tona ciyawa sam, za ta bushe ta bar tabo. Kada ka wuce zurfin da garma ke kaiwa, kamar ƙafa ɗaya. In ka ga abu ya ci gaba ƙasa da haka, tukunya ce ko tarin kuɗi, dakata. Haka Dave Crisp ya yi a Frome a 2010: ya rufe ramin ya kira masana, suka fito da tulu ɗauke da tsabar Rumawa 52,503, kuma saboda bai hargitsa shi ba aka iya gane yadda aka zuba su. In ka ci karo da harsashi ko bam na lokacin yaƙi, ko ƙashin mutum, kada ka taɓa, kira 'yan sanda ka sanar da mai gonar.

Tarkacen da ka tono kada ka jefar a gindin shinge. Tara shi a jaka, da yamma ka kai masa tare da abubuwan kirkin. Waya da ƙusa da saniya za ta iya haɗiya, guntun ƙarfe da zai iya fasa tayar tarakta mai tsada, dalma da ke gurɓata ƙasa: wannan jaka ita ce ke sa a ce maka ka dawo mako mai zuwa, ga kuma wancan filin na bayan rafi. Kada ka sa hoton gonarsa a Facebook, kada ka zo da aboki ba ka tambaya ba. Daga Oktoba zuwa farkon Fabrairu lokacin harbin tsuntsaye ne a gonaki da yawa, ka tambayi ranakun. Ƙarshen shekara ka kai ɗan alheri. Su kwalbar giya suka saba kaiwa, kai kwalin cakulan ko dabino mai kyau ya wadatar, ko ka jera maɓallai da tsabar da suka fito daga gonarsa a ƙaramin akwati mai gilashi ka ba iyalinsa.

Za a ce maka a'a fiye da yadda za a ce to, sau da yawa don wani ya riga ka. In haka ne kada ka nemi ture shi, ka yi godiya ka bar lambar waya. Kafin ka samu naka, shiga kulob na yankinku. Suna da gonakin da suka riga suka yi yarjejeniya da su, akwai kuma taron ƙarshen mako da ake biyan kuɗin shiga, a nan za ka koyi hannu. Ka kuma sani duk abin da na faɗa na Ingila ne. A Scotland duk wani kayan tarihi da aka tono na masarauta ne ko da na ƙarfe ne ko dutse, a Ireland ta Arewa kuwa tono don neman kayan tarihi sai da lasisi. In kuma ka yi niyyar tafiya da na'urar gida lokacin hutu, a Najeriya ma yardar mai gona ba ta isa ba: dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa don neman kayan tarihi ba tare da izinin hukumar ba, ta kuma hana fitar da su daga ƙasar sai da takardarta.